Takwas da Shida

Baba: Salamu alaikum. Auta, kina ji na?

Auta: Wa alaikumus salam. Baba! Ina wuni?

Baba: Lafiya lau. Ya hanya?

Auta: Alhamdu lillahi. Baba, ina ka...

Baba: Ya maigidan naki? Takwarana bai yi rigima a jirgi ba?

Auta: Duk lafiya. Ya ƙafar taka?

Baba: Da sauƙi. To, ga ni a filin jirgin, bakin ƙofar fitowa, kan kujerun ƙarfen nan. Ku fito in gan ku kafin jirginku na biyu ya tashi.

Auta: Baba, muna cikin na biyun. An rufe ƙofa.

Baba: An rufe me?

Auta: Ƙofa. Tun sha ɗaya muka sauka. Na goya yaron, na tsaya daidai inda kake, har aka kira mu.

Baba: Sha ɗaya kuma? Ke kika ce za ku tashi takwas, tafiyar awa shida. Takwas da shida, ƙarfe biyu. Ban yi nisa a makaranta ba, amma wannan na iya.

Auta: Takwas ɗin can ce. Agogonmu yana gaba da naku da awa uku. Lokacin da muka tashi, nan ko gari bai waye ba.

Baba: Rana ɗaya Allah ya yi, ku kuka raba ta.

Auta: Na tura maka saƙo jiya, na rubuta lokacin sauka.

Baba: Saƙo ai sai yayanki ya zo yake karanta min.

Auta: Na yi ta kira kuma, a kashe.

Baba: Ni na kashe ta. Kar caji ya ƙare kafin ki iso.

Auta: Haba, Baba.

Baba: Sha ɗaya ina wurin mai aski. Wai kar yaro ya ga gemu buya-buya ya tsorata. Ina zaune ana hira, kina nan tsaye.

Auta: Laifina ne. Da baki ya kamata in faɗa maka.

Baba: Bari. Da dawowa fa?

Auta: Ba ta nan za mu biyo ba. Sai baɗi, in Allah ya yarda.

Baba: Haka kika ce bara. Yaro har ya fara tafiya, ban taɓa ɗaukarsa ba. Mota na sassaƙa masa, ta katako, tayunta na juyawa. Ga ta a leda.

Auta: Ajiye masa.

Baba: Kafin baɗi ya fi ƙarfinta. Ba shi wayar.

Auta: Ya yi barci. Ya gaji da jira.

Baba: Ƙyale shi. Tsaya, na zo jikin gilashi, ina hango jirage. Wanne ne naku?

Auta: Fari ne, mai shuɗin wutsiya.

Baba: Mai shuɗin me? Ba na jin ki.

Auta: Wutsiya.

Baba: Duk farare ne a idona. Ga wani can yana ja da baya. Ku ne?

Auta: Mu ba mu motsa ba tukuna.

Baba: To. Na dai ɗaga masa hannu.

Auta: Baba, ga ma'aikaciyar jirgi a kaina, ta ce a kashe waya. Ka yafe...

Baba: Kashe. Zan ɗaga wa kowanne, har naku ya wu...