Dokar Bencin Kwamared

Assalamu alaikum. Shugaban wannan taro, dattawan ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan masaƙa, malamanmu, maƙwabtanmu na layin shaguna, Uwargida maman yara, Babba da Auta da sauran dangi, ina gaishe ku, ina kuma ƙara yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Na san wasu sun yi mamaki da aka ce ni zan yi magana. Ni ne mai sayar da kayan gyaran mota a shagon da ke jikin na marigayi. Ni marigayi ya laƙaba wa Jari-hujja, har jikokina suka ɗauka sunan yanka ne, ni kuma na sa masa Kwamared. Tun kanmu yana baƙi muke gardama a kan tambaya ɗaya: me ya sa ƙasarmu take cikin talauci? Har Allah ya karɓi abinsa ban yarda da shi ba, shi ma bai yarda da ni ba. Kada wani ya zaci na zo in ce na tuba ne. Ban tuba ba.

Ya kasance makanikin injinan saƙa tun masaƙa tana masaƙa. Ya kasance sakataren ƙungiyarmu ta unguwa da ta ma'aikata, wanda in aka kori mutum ba bisa ƙa'ida ba, shi zai tsaya a ƙofar manaja da baƙin man inji a hannunsa har a buɗe. Da aka rufe masaƙar, ya buɗe shagon gyaran keken ɗinki, ya riƙa koya wa abokan aikinsa da aka sallama. Da yawa a cikinku da wannan sana'ar kuka aurar da 'ya'ya. Ya kasance kuma mai taurin kai, wallahi, kuma Uwargida shaida ce.

Shi a wurinsa, takunkumin da manyan ƙasashe suka ƙaƙaba mana ne ya kashe mu, maganin kuma gurguzu, wato masana'antu su zama na kowa. Ni kuwa cewa nake abin da aka ce na kowa ne ba shi da mai shi, kuma tun kafin takunkumi ɓeraye sun gama da rumbun.

Wata rana gardama ta yi zafi a kan bencin ƙofar shagonsa har na miƙe tsaye, shi ma ya miƙe da sufana a hannu. Uwargida ta kawo masa abinci, ta ajiye kwanon, ta ce, "Ku biyun nan ba jin juna kuke ba. Kowa jira yake ɗan'uwansa ya ja numfashi ya afka." Kwamared mutumin ƙungiya ne, nan take ya mai da maganar doka. Daga ranar, ba ka da izinin mayar da martani a kan bencin nan sai ka fara faɗin hujjar abokin gardamarka da bakinka, tsaf, har shi ya ce, "Haka ne." In bai ce ba, ka sake.

Kai, mun sha wahala da dokar nan. Masu wucewa sai su ji ni ina kare gurguzu da jijiyar wuya, shi kuma yana yabon kasuwa. Wani tela ya taɓa rugawa ofishin ƙungiya ya ce an saye Kwamared.

Yanzu in zo kan abin da ya fi damuna. Kowa ya san ciwon ƙoda ne ajalinsa. Ana wanke masa jini a asibitin gwamnati, injin ya lalace, aka yi ta jiran wani ƙarfen gyaransa da bai zo ba. Ɗansa Babba, wanda Allah ya buɗa wa a kasuwanci, ya shirya ya kai shi ƙasar waje. Kwamared ya ce ba inda za shi, zai zauna a layin asibitin da abokan aikinsa suke. Auta, malamar makaranta, ta goyi bayan ubanta. Tun ranar jana'iza Babba da Auta ba su yi wa juna magana ba. Ba asiri na tona ba, ga shi kuna gani, ɗaya yana wannan gefen zaure, ɗaya yana wancan, uwarsu tana tsakiya ba ta san wa za ta duba ba.

Babba, kai kana cewa ƙarfen yana nan a wani ofis yana jiran sa hannu, kuma da Auta ta taya ka lallashi da Baba yana raye. Auta, ke kina cewa takunkumi ne ya tare ƙarfen, kuma yayanki kunyar aƙidar ubansa yake ji. Ni baffanku ne, ba alƙali ba. Gardamata da ubanku ce kuka gada, sai dai kun bar dokar a ƙofar shago.

Ranar da na je duba shi na ƙarshe, ni ne da faɗin hujjarsa. Na fara, barci ya ɗauke shi, bai ce haka ne ba. Abin yana raina. Ku ba ni dama in ƙarasa a nan.

Kwamared yana cewa: mu ba malalata ba ne. Muna noma auduga, a saya a banza, a dawo mana da ita riga mu saya da tsada. Da muka ce za mu saƙa da kanmu, sai aka rufe mana ƙofa, aka hana mu ko ƙusar inji. Ya ga injinan masaƙa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, yana cire kayan wannan yana sa wa wancan, har ba abin cirewa. Saboda haka, in ji shi, wanda ya ɗaure maka hannu bai isa ya tambaye ka dalilin da ba ka yi noma ba. Iyakar hujjarsa ke nan, kuma...

Na'am? Me ka ce, Babba? Ɗaga murya, na baya ba su ji ba.

To, jama'a, Babba ya ce ban cika ba, na bar ƙarshen. Ya ce Baba yakan rufe da cewa: takunkumi ba ya zuwa gidan mai mulki, a layin asibiti yake samun mutum, kuma in duk mai bakin magana ya fita daga layin, ba wanda zai sake tambayar ina ƙarfen injin yake.

Wallahi haka yake rufewa. Ni na manta, ɗan da ake cewa yana jin kunyarsa bai manta ba.

Auta, mai hujjar ba ya nan, ke ce a madadinsa. Yayanki ya faɗa daidai?

Kun ji ta. Ta ce haka ne.

Alhamdu lillahi. Amma 'yata, rabin doka aka yi. Saura ke ki faɗi ta yayanki, yadda ya yi ta kai da kawowa da takardun tafiya a hannu yana kallon ubansa yana ramewa, har shi ma ya ce haka ne. Ba a nan ba, wannan ta gida ce. Bencin yana nan a ƙofar shago, na share shi da safe, kuma mutum biyu yake ɗauka.

Uwargida, dokarki ce, mun gode da aron da kika ba mu. Na gode wa ƙungiya da ta tara mu, na gode wa duk wanda ya rufe shagonsa ya zo.

Allah ya jiƙan Kwamared, ya yafe masa kurakuransa, ya saka masa da alheri a kan duk ƙofar da ya tsaya domin wani. Allah ya ba waɗanda ya bari a layin asibiti lafiya. Allah ya haɗa kan 'ya'yansa, ya sanyaya zuciyar uwarsu. Ni kuma martanina yana bakina, zan riƙe shi har Allah ya sada mu a gidan da ba talauci. Amin.