Ƙuli-ƙulina Ya Fi Nata, Amma Ita Ake Nema

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hajara mai ƙuli-ƙuli daga Beli.

Maƙwabciyata Talatu, wadda ni na koya wa matsar tunkuza, ta hana ni barci. Kullum da la'asar sai ta jingina waya a turmi, ta ɗauki bidiyon tuyarta ta ɗora a sitatus. Duk wanda ya tambaya ta amsa masa da muryarta. Yanzu har daga Karaye ake aiko ɗan acaɓa.

Ni kuwa mahaifiyata ta gargaɗe ni, ba a nuna wa duniya kaskon sana'a saboda kambun baka. Shi ya sa hoton fure nake ɗorawa, in rubuta "akwai kaya".

Jiya ƙanwata, ciki ɗaya, ta kira ni: "Yaya, turo min lambar Talatu mana. Ke ai kin daina yi, ko?"

Wallahi har yanzu ƙirjina zafi yake. A ba ni shawara, in nuna kaskon, ko in ci gaba da tsoron bakin mutanen da suka manta da ni?

Ina gaida matan Beli duka, ban da Talatu.