Madara Ba Ta Wanke Jini

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta zauna tare da ku, 'yan'uwa. Sunana Ishaku, mijin Rifkatu ta zumuntar mata. Ni ba mai baki ba ne, sai ku yi haƙuri da ni.

Fentin mota na yi tun ina saurayi, a wani gareji a unguwar Dassasgho. A rufaffen ɗaki muke feshi, don kada datti ya hau fenti. Takunkumi kuwa, cewa ake yi na raggo ne. In za mu ci abinci, da dilwan muke wanke hannu, ruwan nan mai kaifi da ake tsinka fenti da shi. Da yamma maigidanmu ya miƙa wa kowa gwangwanin madara, ya ce, "Ku sha, tana wanke ƙirji." Ya ƙara da yarensu, "Yel ka be ye, ba abin da zai same ku." Muka gaskata. Na sha madarar da ko ɗan maraƙi bai sha ba.

Hancina ne ya fara mutuwa. Rifkatu ta yi miyar kuka da daddawa, in ci kamar ina tauna tsumma. Ban damu ba, har na ce an hutar da ni warin kwata.

Sai cikin Rifkatu ya fara zubewa. Na fari ya zube, na biyu ya zube. Na uku ya kai haihuwa, namiji, bai yi kuka ba. Ni na ɗauke shi cikin zane zuwa maƙabarta, maƙwabtanmu Musulmi na Zongo suka raka ni, Allah ya saka musu. Daga can na wuce gareji na ƙarasa fesa wata koriyar tasi.

Dangina suka ce matsalar daga Rifkatu take. Ta sha jiƙo, ta sha magana. Ni ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Daga baya wata likita ta ce a gwada mu duka biyu. Da sakamako ya fito ta dubi hannuwana ta ce, "Monsieur Ishaku, matarka lafiyarta lau. Ƙwayoyin halittar da uba ke ba ɗansa ne suka lalace a jikinka, kuma abin da kake shaƙa nake zargi."

Na ce, "Ai ina shan madara."

Ta ce, "Madara ciki take zuwa. Wannan jini yake shiga." Ta ce in bar aikin, mu jira, amma ba ta yi mana alkawarin komai ba.

Kuna zaton na yi kuka? Ko kaɗan. Na fito na sayi burodi na ci a tsaye. Zuciyata ta zama kamar hannun da aka kwana a kansa.

A taron addu'a na Laraba, Baba Dauda, dattijon ikilisiyarmu, ya ce in yi mana addu'a. Na ce, "Baba, ba ni da abin faɗa." Ya ce, "To, ɗana, faɗa masa hakan." Na durƙusa na ce, "Ya Ubangiji, ba na jin komai. 'Ya'yana sun tafi ta dalilina, ban ji ba. In kana so in ji, sai ka taɓa ni."

Wuta ba ta sauko ba. Amma washegari ƙafata ta ƙi hanyar gareji, ta kai ni gidan yayata, na gaya musu abin da likita ta ce, don su ƙyale matata. Wani Alhaji Bakano mai atamfa a kasuwar Sankaryaaré ya ɗauke ni tsaron shago.

Shekara ta zagayo, Rifkatu ta sake samun ciki. Ban sayi ko hular jariri ba, ban zaɓi suna ba. Aka haifi mace, 'yar ƙarama, ta yi kuka. Aka ɗora mini ita, na riƙe ta yadda nake riƙe turmin atamfa. Uwarta ce ta sa mata Alheri.

Wata safiya Rifkatu ta miƙo mini ita, ta shiga wanka. Sai wani abu ya bugi hancina. Na duba takalmina, na leƙa kwata. Ashe Alheri ce ta yi kashi.

'Yan'uwa, na ji wari! Halleluya!

Na zauna a ƙasa na rungume ta, na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Rifkatu ta fito a guje da kumfa a ka, ta zaci wannan ma ta tafi. Na ce, "Tana nan. Wari take yi." Sai ta ce, "To, maigida, tunda hanci ya dawo, kai za ka wanke ta."

Har yanzu likita na duba zuciyar Alheri, don da 'yar matsala aka haife ta, ban san gobenta ba. Waɗancan ukun kuma ba za su dawo ba. Amma na gode wa Yesu da ya mayar mini da zafin rashinsu. Ku dogara gare shi, ko da ba ku da abin faɗa masa. In kuna da mai fenti a gida, ku gaya masa madara ba ta wanke jini.

Ga Alheri can a bayan uwarta. Ni na wanke ta yau da safe. Amin.