Ni aka ɗauka, Yaya Idi ya zauna

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka da duk masu sauraro. Ni tsohon mushe ne, wato malamin makaranta, daga Tanout.

Ina ƙarami a Falanko, zamanin da Nasara ke bi gari-gari neman yaran lakwal, wato makarantar boko, mai gari ya ba da sunan yayana Idi. Ranar da gardi, ɗan sandan Nasara, ya zo ba a ga Idi ba, sai aka ɗora ni a raƙumi zuwa Damagaram. Na yi karatu, na koyar, na ga duniya. Shi kuwa a gonar hatsi ya tsufa. Kullum ina gaya wa ɗalibaina ilimi ke sa mutum ya zama mutum, raina kuma na ce mini rabon Idi na cinye.

Bana na durƙusa gabansa na ce, "Yaya, ka yafe mini."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Mushe, ashe karatun bai waye ka ba. Cikin rumbu na ɓuya ranar nan, ina jin kukanka. Ni na yi jinyar Inna da Baba, ni na rufe su, kana can. Ni nake ganin na cuce ka."

Ni kuwa ko jana'izarsu ban samu ba.

Jama'a, ku ba ni shawara. In yara suka tambaye ni mece ce rayuwa mai kyau, me zan ce musu yanzu?

Yaya Idi, in kana ji, na yafe maka rumbun. Kai ma ka yafe mini raƙumin.