Hannun da Nake Kitso da Shi

'Yan'uwa, salama a gare ku cikin sunan Yesu. Sunana Rifkatu, mai kitso. Shekara ashirin ina shiga gidajen unguwannin Mandawari da Sheshe ina yi wa mata shuku da kalaba.

Wasunku sun tuna ranar da na tsaya a nan ina rawa. An yi mini aikin ciwon dajin nono, an gasa wurin da na'ura, likita ya ce babu saura. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Bara kafaɗata ta dama ta soma ciwo, daidai inda aka gasa. Na ja bakina na yi shiru. Ni da na ba da shaidar warkewa, da wane ido zan dube ku? Girman kai ne, na sa masa suna bangaskiya!

Hajiya Binta, wadda nake yi wa kitso a Sheshe, ta ga tsinke yana suɓuce mini. Ta ce, "Maman Dauda, targaɗe ne wannan. Je ki wurin mai ɗorin unguwarmu."

Na je, amma na ɓoye masa zancen gashin da aka yi mini da na'ura. Sau biyu yana ja yana ɗaurewa. A zuwa na uku ya taɓa wani kumburi da ya fito a kafaɗar, ya janye hannunsa.

"Baiwar Allah, wannan ba aikina ba ne. Ki tafi asibiti yau."

Likita ya ce sabon ciwon daji ne a ƙashi, gashin na'urar nan da ya cece ni ne ya haifar da shi, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Wata biyar na ɓata. Sai dai a cire hannun.

Wayyo, na yi fushi da Ubangiji! Na daina addu'a. Safiyar aikin na dubi yatsuna, kuka ya ƙwace mini, na ce, "Yesu, ban gane ba, amma kada ka bar ni na shiga ni kaɗai." Fushin ya sauka, na shiga ɗakin tiyata.

Har yau ina kuka. In na ga kan mace a tsefe, sai na ji yatsun da babu suna motsi. Amma ina raye, 'ya'yana suna da uwa.

Duk wanda aka taɓa gasa wa ciwo, in wurin ya motsa, kada ya ɓoye. Ku dogara ga Ubangiji, ku je asibiti.

Na gode wa Allah. Ku taya ni ɗaga hannu biyu, ni zan ɗaga wanda ya rage.