Tambayoyin ƙarshe na Mas Tarmuji

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Kiai Mudzakir, limaminmu da ya ja mana addu'a, Pak Lurah, shugaban unguwa, wanda Allah ya ba shi sarari yau duk da bai ba shi ranar jana'iza ba, dattawan layi, Mbakyu Sukesi, mai ɗakin marigayi, 'ya'yansa Handoko da Retno da suka taso daga Jakarta, maƙwabta maza da mata: ina gaishe ku, kowa da matsayinsa.

Sunana Danurejo. Ba don na fi kowa iya magana aka tsayar da ni ba. Waɗanda suka san Mas Tarmuji tun yana saurayi duk suna kwance a bayan masallaci, ni kaɗai na rage, ni ma don ba a zo kaina ba ne.

Mun san shi da abu ɗaya: shi ne mai tsara wasan cike gurbi na jaridar Lahadi. Gidaje farare da baƙaƙe, tambayoyi a kwance, tambayoyi a tsaye. Rabin rayuwarsa ya yi yana wannan aiki, kuma ko sau ɗaya jaridar ba ta buga sunansa ba. Da suka ga mutane sun koma kan waya, sai suka cire shafin suka sa tallan maganin ƙiba. Ba su kira shi ba. A jarida ya gani, kamar kowa.

Na zaci zai daina. Ni da nake da digirin tarihi daga jami'ar Yogya, da aka sallame ni daga koyarwa, na rufe littattafaina na zauna ina zagin duniya, har yau ban gama ba. Shi kuwa ya sayi takarda, ya ja layukansa da hannu, ya kai aka buga masa, kowace Lahadi ya ajiye a rumfar shayin Yu Darmi, kusa da tukunyar megono, mahaɗin shinkafarta. Mai so ya ɗauka. Lahadin gaba ya manna amsoshin a jikin ginshiƙi.

Ya kasance mai haƙuri da wanda bai sani ba. Ya kasance ba ya faɗin amsa kafin ranarta, ko da Kiai ne ya tambaya. Kiai na nan, ya gwada. Ya kasance, idan ruwan teku ya shigo unguwa har gwiwa, yakan naɗe zaninsa, ya ɗora takardun a ka cikin leda, ya ratsa ruwa ya kawo su a bushe.

Amma ba haƙurinsa na tsaya in faɗa ba. Masu haƙuri suna da yawa, mafi yawansu ba su da yadda za su yi ne. Yadda yake aikinsa nake so 'ya'yansa su ji, don ban tabbata sun sani ba.

Tun muna matasa nake cika wasansa, ban taɓa gama shi ni kaɗai ba. Kullum sai ya rage mini layi biyu ko uku. Wata rana na buga takardar a kan tebur na ce, "Mas, wannan zalunci ne! Wa ya san sunan kifin da ake kamawa a bakin kogi bayan damina?"

Ya ce, "Kang Rasmani ya sani."

Kang Rasmani mai tuƙa becak, keken haya mai taya uku, Allah ya jiƙansa, yana gefe yana hura kofi. Ya ce, "Na sani mana, Pak Guru, babban malami. Amma sai ka fara faɗa mini wannan sarkin da ya mutu tun kafin a haifi kakana. Tun safe yake zaune mini a layi na huɗu, ya ƙi biyan kuɗin haya."

Na ba shi sarki, ya ba ni kifi. Yu Darmi ta ce, "To ku biyun kun zama mutum ɗaya mai hankali, saura wanda zai biya kofi."

Daga baya Mas Tarmuji ya ce mini, "Danu, da gangan nake yi. Tambaya ɗaya daga kasuwar kifi, ɗaya daga masallaci, ɗaya daga littafin makaranta, ɗaya daga wajen mata masu zanen batik, masu zana yadi da kakin zuma kafin a rina, ɗaya daga filin ƙwallo. Wasan da mutum zai gama shi kaɗai a ɗakinsa, me ya amfana?"

Wannan ita ce hidimarsa ga unguwar nan. Bai gina gada ba, bai yanke kirtani ba, babu hotonsa a ofishin Pak Lurah. Amma mutane nawa a nan suka fara gaisawa da maƙwabcinsu saboda gurbi biyar da suka gagara? Mu ne shaida. Mun ga surukai da suka daina magana sun tsaya a bakin rijiya, ɗaya tana tambayar ɗaya sunan ganyen miya. Mun ga ɗan kasuwa ya bi almajiran Kiai da takarda a hannu.

Sai zamani ya juya. Teburin Yu Darmi ya fara raguwa. Wasu suka mutu, wasu ruwa ya kore su zuwa tudu, matasa kuma suka gano cewa waya ba ta gajiya da tambaya, ba ta kuma neman a gaishe ta. A ƙarshe mu biyu muke zama, ni da shi. Na ce masa, "Mas, wa kake yi wa? Ba mai nema." Ya ce, "Kai fa? Ko kai ba mutum ba ne?" Yanzu nakan je in zauna. Yu Darmi takan ajiye kofi biyu, ta tuna, ta ɗauke ɗaya.

Kafin a kai shi asibiti ya kawo takardarsa ta ƙarshe. Ya san jikinsa, mu ne ba mu sani ba. Ya rasu kafin Lahadi ta zagayo, don haka ba a manna amsa a ginshiƙi ba, ba kuma za a manna ba.

Saboda ta ƙarshe ce, kowa ya ɗauka, har waɗanda suka daina. Duk kun san abin da ya biyo baya. Kusan rabin tambayoyin a kan batik suke, kuma ba irin wanda ke cikin littafi ba. Sunan da tsofaffin matan layin nan suke kiran wani zanen fure. Abin da ake cewa idan kaki ya tsage rini ya shiga. Matasa suka tambayi waya, waya ta yi musu surutun banza. Mace ɗaya ce ta rage a unguwar nan da ta san waɗannan kalmomi, ita ce ke zaune can cikin takaba.

Baƙin ta'aziyya sukan watse cikin mako. Kun san haka, na fi ku sani. Da matata ta rasu, kafin shinkafar sadaka ta ƙare, ƙofata ta yi shiru. Amma ƙofar Mbakyu Sukesi ba ta yi shiru ba. Yau wannan, gobe wancan, kowa da takardarsa. Ita kuma ta koyi halin mijinta, ba ta ba da amsa a tsaye. "Zauna tukuna, ka sha shayi. Wa ya ce maka ana gaggawar kaki?" Na ji ta da kunnena tana dariya a watan da ba a dariya.

Handoko, Retno, ku saurare ni, ni kamar baffanku ne ko ba ku so. Na ji kun yanke cewa da ta fita takaba za ku tafi da ita Jakarta, ku sayar da gidan. Ban ce ba ku da hujja ba. Ruwa yana shiga ɗakinta, gwiwoyinta sun gaji, kuna tsoron a buga muku waya wata rana. Amma can a saman bene, ku kuna wajen aiki, wa zai ƙwanƙwasa ya tambaye ta wani abu? Za a ba ta abinci, za a ba ta magani, ba wanda zai buƙace ta. Ni na san wannan zaman. Ba yunwa ke kashe tsoho ba. Mahaifinku, da ragowar ƙarfinsa, ya turo mata unguwa guda bakin ƙofa. Kafin ku ɗauke ta, ku tambaye ta. Tambaya kawai, sana'ar gidanku ce.

A cikin layukan takardar da ba na batik ba, akwai wani guda ɗaya: tsohon sunan gadar kasuwa, kafin hukuma ta sake mata suna. Na rubuta shi a kundin digirina, wanda ban da ɓeraye ba wanda ya taɓa buɗewa. Na gane wa ya sa wa tambayar. Na share baranda, na fito da kujera ta biyu, na jira. Ba wanda ya zo. Suka bar gurbin fari, bai dame su ba.

Shekaranjiya ina wucewa, Mbakyu Sukesi ta ɗaga murya daga barandarta: "Dik Danu! Gadar nan ta ku ta 'yan boko, ya sunanta? Ita kaɗai ta rage mini."

Na ce, "Mbakyu, ba yau ba."

Ta ce, "Ji tsohon banza! Sai yaushe?"

To, yanzu zan amsa mata a gabanku. Ba zan faɗa a waya ba, ba zan rubuto a wasiƙa ba. In ta fita takaba, ranar Lahadi, a rumfar Yu Darmi, a kan teburin mijinta. Harafi ɗaya kowane mako. Sunan yana da tsawo, alhamdulillahi.

Na gode wa iyali da suka ba ni wannan wuri, ko da yanzu suna nadama. Na gode wa matan da suka dafa, da duk wanda ya tako.

Allah ya jiƙan Mas Tarmuji, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa. Shi da ya yi rayuwarsa yana tambayar mutane cikin tausayi, Allah ya sauƙaƙa masa tambayar kabari, ya sanya amsa a bakinsa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri. Mu da muka rage, Allah kada ya bar mu a ɗaki ba mai ƙwanƙwasawa. Amin.