Ɗakin da Ba Ya Cikin Filan

Tunkiyar innata anka saida, da kuɗinta na bar Kore Mairuwa na hau kamiyon Yamai. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ko'ina gini ake. Ku matso, yara. Kai Idi, bar wasa da takalmina.

Na samu aikin lebura a shantiye, wato wurin gini, muna yi ma ma'aikatan gwamnati gidaje. Gidaje wai! Akwatunan siminti ne jere, duk kama ɗaya, rufin kwano, da rana kamar tanda. Abin ƙyamar ma, makewayi cikin ɗaki, bango guda tsakaninsa da madafa. Tir! Can ake ci, can ake zagayawa.

Wani akawu, Mushe Garba, wato Malam Garba da Faransanci, mutumin Kieshe can wajenmu, ya samu ɗaya daga cikin gidajen. Ɗaki biyu ne, ga mata da ɗiya. Sai ga tsohuwarsa ta taho jinyar ido, babu inda za ta sa haƙarƙari. Ya ce mini, "Ɗan'uwa, ka iya ginin ƙasa?"

Na ce, "Da shi na tashi."

Ranakun Lahadi na kwaɓa ƙasa, na ɗora mata ɗaki a tsakar gidan, mai sanyi. Tsohuwa ta shiga tana ta sa mini albarka.

Ba a jima ba fatoro, shugaban aikinmu, ya gani. Baƙar fata ne kamarmu fa. Ya daka tsawa, "Wa ya yi wanga? Ba ya cikin filan!"

Na ce, "Wane Filani kuma, ranka ya daɗe?"

"Filan! Zanen gida, baƙauye!"

"To in iyali sunka ƙaru fa?"

"Su nemi wani gida."

Ya turo mutane da guduma. Sunka rushe shi, tsohuwa na zaune bisa ƙunshin kayanta, ƙura na sauka a kanta. Mushe Garba, da kwat ɗinsa, ko tari bai yi ba, yana tsoron a karɓe gidan. Ni kuwa anka kore ni.

Da zan koma gida, mota ɗaya munka shigo da tsohuwar, ba a gama mata magani ba. Har Kore Mairuwa, inda na sauka, ni ke riƙe da hannunta, don ba ta ganin hanya.

Na iso gida ba ko tsaraba. Innata ta dube ni, ta ce, "Ka dai dawo da ƙafarka. Damina ta ci bangon ɗakina, gobe ka kwaɓa ƙasa."